Gyaran da Baba Ya Yi wa Kura

Zuwa ga Uwata, Likitar Namun Daji,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki masu ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mamanki da ke sanar da mu zuwan ruwa tun kafin rediyo ta faɗa.

Direban da ke kai muku kayan abinci ya sauke mini saƙonki: fallayen kwano, hotunan dabbobi, da takardun abin da za a rubuta. Ya ce can gandun naku waya ba ta shiga sai an hau kan tankin ruwa. Kada ki hau. Ki rubuto, in rubuto. Dama rubutu shi ne abin da na iya, ko da yake ni da makaranta mun rabu a aji huɗu ba tare da ɗayanmu ya yi kukan rabuwa ba.

Da na ga hatimin gandun namun daji a saman takardun, sai na kira Tela da Mai Walda, maƙwabtan shagona, na ce su zo su ga abin da ilimi ke yi. Tun kafin a haife ki nake rubuta "Ana Sayar da Ƙanƙara" da "Ba a Zuba Shara a Nan", yau ga ni zan rubuta dangin giwa. Mai Walda ya ce, "Ashe giwa ma tana da dangi?" Na ce tana da su, sai dai nata ba sa zuwa shago su zauna tun safe kamar nasa.

Na gane tsarin. Kowane allo hoton dabba a sama, sai layi uku: danginta, mazauninta, da halin da take ciki. A ƙasa kuma ɗamarar launi, ja in dabbar na gab da ƙarewa, rawaya in an fara fargaba, kore in hankali kwance. Na riga na goge kwanon da samfefa, na shafa farin fenti na farko, yanzu suna jingine a bango suna shan iska. Na sayi sabon burushi mai siririn baki saboda gashin bakin zaki.

Ki kwantar da hankalinki, aikin yana hannun da ya san shi. Kin san ni ba kwafa kawai nake yi ba. Mutum ya kawo mini magana a karkace, in miƙe masa ita ba tare da na kunyata shi ba. Kin tuna Mai Kemis da ya rubuto "Muna Buɗe Awa Ashirin da Biyar"? Na rage masa ɗaya a ɓoye. Har yau bai sani ba, har yau yana gaishe ni.

Mamanki ta ce ki riƙa cin abinci, kada ki bari birai su riga ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Farfesan Burushi.

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kai da Mama kuna lafiya. A riƙa shafa wa gwiwar man zafi, kuma ta daina tsugunnawa wajen wanki.

Ina rubutu a gurguje, Direba na jira. Ka san watannin gwajina sun kusa cika. Shugaban gandu ya ce allunan nan su ne aikin farko da ya bar mini ni kaɗai, kuma da su zai auna ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Za a kafa su a sabuwar hanyar 'yan kallo, a yaye ƙyallen da ke kansu ranar buɗewa. Akwai baƙi daga wata ƙungiya ta ƙasar waje da ke taimaka mana wajen kula da kyarkeci. Garke ɗaya ya rage mana a gandun nan, kuma su ne ke saya wa masu sintiri takalma da man babur saboda shi.

Ina da roƙo biyu. Na farko, kada ka canza komai, ko ɗigo. Ni ba Mai Kemis ba ce, Baba, na duba kowane layi sau da yawa. Na biyu, kada ka sa alamar shagonka a ƙasan allunan kamar yadda ka saba. Ranar buɗewar ma ba sai ka wahalar da kanka ba, hanyar ba ta da kyau.

A gaishe mini da Mama, da Baba Tela, da Baba Mai Walda. Na gode ƙwarai.

'Yarka mai biyayya.

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa irin ta uba ga 'yar da ta fi shi karatu amma ba ta fi shi dabara ba. Muna lafiya.

Bisa lissafina yau ne ake yaye ƙyallen, don haka yanzu zan iya magana. Alamar shago ban sa ba, duk da allo ba alama kamar yaro ne ba uba. Zuwa ma ban zo ba. Rigar da Tela ya riga ya ɗinka mini na ninke ta, za ta yi wata ranar.

Roƙonki na farko ne na ɗan taɓa, kuma ki saurara kafin ki ɓata rai. Duk allunan na yi su yadda kika rubuta, har da na kura da na kyarkeci. Na fito da su ƙofar shago su bushe. Mai Walda ya zo yana karantawa da yatsa. Da ya kai kan kura sai ya tsaya. Ya ce, "Ta fi kusa da dangin kyanwa? Kura?" Ya kira Tela. Tela ya ce shi dai bai taɓa ganin kura a kan katanga tana lasar hannu ba. Suka yi ta dariya har Mai Walda ya zauna a kan gwangwanin fenti. Ya ce, "Wannan karatun, a mayar maka da kuɗin makarantar da ka biya wa 'yarka."

Ni ma na yi dariyar. Amma a raina na ce in mai walda ya gano wannan, ina ga baƙin da suka hau jirgi suka zo? Na ja kujera na zauna gaban allunan biyu, na dube su da idon basira. Ki dubi kura. Baki na kare, ƙafa ta kare, cin ƙashi na kare, rashin kunya na kare. In ba kare ba ce, to ni ma ba mai fenti ba ne.

Daga nan na gane abin da ya faru. Gajiya ta sa kin haɗa takardun biyu, kin ba wannan na wancan. Kin rubuta wa kura cewa tana rayuwa ko'ina, har bakin gari da bakin juji, kuma babu fargaba a kanta, ɗamara kore. Uwata, rabona da jin kukan kura tun ina saurayi. Da muna yara kowa ya san muryarta, yanzu ki tambayi yaran layinmu, a hoto kawai suka san ta. Wannan ita ce mai ƙarewa. Shi kuwa kyarkeci kin ce sai daji mai faɗi nesa da mutane, kuma ya kusa ƙarewa, ɗamara ja. Kare ne fa. Kare mai manyan kunnuwa da rigar faci. Tun yaushe kare ya yi wuyar samu? A layinmu kaɗai akwai waɗanda za su cika gandun naku, kyauta ma zan aiko muku da su.

Sai na ɗauki burushi. Na mayar da kura cikin danginta karnuka, na ba ta daji mai nisa da jar ɗamara. Kyarkeci na ba shi bakin juji da kore. Ko ke ba za ki gane an taɓa ba.

Ban faɗa miki tun farko ba don kada ki ji kunya a gabana. Aikin uba ke nan, rufa asiri ba tare da an roƙe shi ba. Ba sai kin gode ba. Ki dai rubuto mini abin da baƙin suka ce, Tela da Mai Walda suna jira.

Allah ya ƙara ɗaukaka ki.

Babanki, wanda aji huɗunsa bai tafi a banza ba.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mama. Lafiyata ƙalau.

Wasiƙarka ta zo bayan komai ya wuce. Da allunan suka iso ina shirin fita da masu sintiri. Na buɗe na giwa, da na ɓauna, da na zaki, na ga sun yi kyau fiye da yadda na zata, sai na ce a kafa sauran a rufe su. Wannan sakacina ne.

Ranar buɗewa an taru, har da 'yan makaranta da littattafansu. Shugabar baƙin wata dattijuwa ce da ta yi rabin rayuwarta tana bin kyarkeci a daji. Ita aka ba ta yaye ƙyallen allonsa. Ta ja, ta yi murmushi ga hoton, don hoton ya yi kyau, Baba, har farin bakin jelarsa ka fitar. Sai idonta ya sauka kan koren. Launi ba ya bukatar tafinta. Ta ce a karanta mata rubutun, tafinta ya karanta da ƙarfi: "Yana ko'ina, har bakin gari da bakin juji. Babu fargaba a kansa." Ta juya ta dubi Shugaba ta ce, "To in haka ne, me ya kawo mu?" Tana dariya ta faɗa. Kowa ya yi dariya ban da shi. Babban mai sintiri ya cire hularsa yana ƙoƙarin rufe ɗamarar da ita, hular ba ta isa ba. 'Yan makaranta kuwa sun riga sun kwafa.

Baba, abin da na rubuta shi ne daidai. Masana ba fuska suke dubawa ba. Suna duba ƙoƙon kai, da ƙashin cikin kunne, da jini. Kura iyalinta daban ne, amma reshen da ta fito shi ne na kyanwa da zaki da jibda. Kama da kare da ta yi, irin rayuwa ce ta zo ɗaya. Kyarkeci yana cikin iyalin kare da dila da yanyawa, amma ba karen gida ba ne da ya gudu daji, jinsinsa daban ne, ba su ma haihuwa da juna. Kura tana iya zama a fili, da dutse, da gefen hamada, da bayan gari, tana farauta kuma tana cin abin da ta samu, shi ya sa har yanzu tana da yawa, ko da yake tana raguwa. Ka daina jin kukanta ne don gari ya cinye dajinmu, ba don ta ƙare a duniya ba. Kyarkeci garke ɗaya na bukatar daji mai tsananin faɗi. Gonaki da tituna sun yanka dajin, tarko na kama shi, mota na buge shi, kuma karnukan layin da kake cewa za ka aiko su ne ke kai masa ciwon hauka. Abin da ya rage a duniya duka 'yan dubbai ne kaɗan.

Bayan baƙin sun tafi Shugaba ya kira ni ofis. Ya ce, "Wa ya yi wannan, ke ko mai fentin?" Na ce ni ce, na haɗa takardu.

Dole in faɗa maka dalili. Lokacin da ake neman mai yin allunan na ce akwai wani tsohon mai fenti da na sani. Ban ce mahaifina ba ne. Akwai doka cewa ba a ba ɗan'uwa aiki sai an bayyana, amma ba dokar kaɗai ta hana ni ba. Waɗanda aka ɗauke mu tare, wannan babansa farfesa, waccan babanta likita. Na yi shiru sau ɗaya, sai shirun ya yi tsawo. Yanzu in na ce mai fenti ne, za a tambayi wanene shi.

Shugaba ya ce ma'aikaciyar da ba ta san kura da kyarkeci ba bai ga abin da take yi a gandu ba. Zai yanke hukunci ƙarshen wata. Kada ka gaya wa Mama tukuna.

Ka yafe mini abin da na ɓoye.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki. Ban san irin gaisuwar da ta dace da mutum irina ba, don haka ki karɓi wannan yadda ta zo.

Da Direba ya miƙo wasiƙar, Tela ya bar kekensa, Mai Walda ya kashe injinsa, suka zo suka tsaya a kaina don a karanta musu yabo. Na fara da ƙarfi. Ina zuwa wajen hular mai sintiri sai na ninke takardar. Na ce musu sauran maganar gida ce. Mai Walda ya juya ya koma shagonsa ya tada injinsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Mamanki ba sai an gaya mata ba. Ta ga na dawo da rana tsaka na zauna a tsakar gida ina wanke burushin da ba shi da datti. Ta karɓi takardar ta ce in karanta mata, kada in tsallake. Da na gama ta ce, "Kai da ba ka bambance ɗan akuya da ɗan tunkiya sai sun yi kuka, kai ne za ka raba wa namun daji dangi?" Na ce ai taimako na yi niyya. Ta ce karambanin akuya ma gaisuwa ta yi niyya da ta je wajen kura. An saba cewa ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. A gidanmu uban ne ya yi kukan.

Duk da haka zuciyata ba ta sallama ba, don ki san irin taurin kan da kika gada. Na je wajen malamin kimiyya na makarantar bayan kasuwa, wanda na taɓa rubuta wa allon ƙofa, na tambaye shi kamar wani ne ya aiko ni. Ya ɗauko littafi ya buɗe mini wani zane kamar bishiya, kowace dabba a reshenta. Ga kura can a ɓangaren kyanwa, ta yi zamanta. Na daɗe ina kallonta, ita ma tana kallona da dariyar nan da aka san ta da ita. Ya nuna mini taswirar inda kyarkeci yake a da, da inda ya rage yanzu. Kamar an yayyafa fenti da bakin burushi a kan babban bango. Wannan ne na shafa wa kore na ce hankali kwance.

Maganar "wani tsohon mai fenti" kuma, ba ki yi ƙarya ba. Wani ne, tsoho ne, mai fenti ne. Ba zan ce bai taɓa ni ba, na karanta layin ya fi sau ɗaya. Amma ki duba, kin ji tsoron kada ubanki ya kunyata ki a gaban masu ilimi, shi kuma bai ɓata lokaci ba ya nuna kina da gaskiya. Da ni ne ke, da na ce ko saninsa ban yi ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba, a kira ki wadda ba ta san aikinta ba. Kin sha wahalar karatun nan, na ga idonki lokacin jarrabawa. Zan rubuta wa Shugabanku da wannan Direban. Kada ki tsorata, ba zan ce ke wacece a wurina ba. Wani tsohon mai fenti ne zai rubuta, kuma wannan karon ba zai gyara maganar kowa ba.

Ki ci abinci. Allah ya fid da ke.

Babanki.

*

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gandun Namun Daji,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata da dukan abin da ke ƙarƙashin kulawarka, mai tafiya da mai rarrafe.

Ni ne mai fentin da ya yi allunan sabuwar hanyarku. Na samu labarin abin da ya faru ranar buɗewa, da kuma cewa ma'aikaciyarku ta ce kuskurenta ne. Ranka ya daɗe, ba nata ba ne. Takardar da ta aiko daidai take. Ni ne na ga kura ta yi mini kama da kare, na shawarci wani tela da wani mai walda, muka zartar da hukunci mu uku, ba wanda ya gama firamare a cikinmu. Na cire ta daga danginta, na musanya mata gida da kyarkeci, na musanya musu ɗamara. Ba wanda ya sa ni. An ma roƙe ni kada in taɓa ko ɗigo.

Ba sai ka yarda da maganata ba, allon zai yi shaida. Na fara rubuta abin da ta aiko, ya bushe, sannan na shafa nawa a kai. Ka sa a jiƙa tsumma da tina, ruwan nan da muke narka fenti da shi, a goga a hankali a kusurwar ɗamarar kyarkeci. Fentin sama sabo ne, zai tashi. Ja zai fito a ƙarƙashin koren. In an ci gaba da gogawa a layukan sama, maganarta za ta fito ɗaya bayan ɗaya. A hankali dai, kada a kai ga farin.

Na ji an ce baƙin da ke saya wa masu sintiri takalma sun tambayi abin da ya kawo su. In akwai hanyar isar musu da saƙo, a ce musu wani jahili ne ya ƙara wa kyarkeci yawa da burushi, amma a daji yana nan yadda suka bar shi, yana bukatarsu.

Ba na neman ladan aikin. Zan sake allunan biyu da fentina. Roƙona ɗaya ne, kada a sallami yarinyar nan a kan laifina. Ban san ta sosai ba, amma wanda ya yi shekaru yana karanta rubutun mutane yana gane mai kula. Ba ta bar wasali ɗaya a karkace ba. Ta ɗauki laifin ne, ina jin, don ta ga tsoho ne ta tausaya masa. Iyayenta sun yi tarbiyya, musamman dai mahaifiyar. Ni da ina da 'ya kamarta, da ko ƙuda ban bari ya sauka a kan aikinta ba, balle burushi.

Allah ya ƙara girma, ya huci zuciyarka.

Naka mai neman afuwa,
Mai Fenti.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Mama.

Shugaba da kansa ya ɗauki tsumma da tina ya tafi wajen allon, masu sintiri na biye da shi. Jan ya fito. Ya goge har layin mazauni, sannan ya aika a kira ni.

Wasiƙarka na kan teburinsa. Ya karanta mini wajen da ka ce ba ka san ni sosai ba, da wajen da ka ce da kana da 'ya kamata. Ya cire tabarau ya ce, "To ke me ya sa kika ɗauki laifin mutumin da bai san ki sosai ba?" Akwai akawu a ofis ɗin, da biyu daga cikin waɗanda aka ɗauke mu tare. Na ce mahaifina ne.

Ba a tabbatar da ni ba, ba a kuma sallame ni ba. An ƙara mini wata uku na gwaji, da takardar gargaɗi a kan abu biyu: ɓoye dangantaka, da kafa allo ban duba ba. Ya ce duka biyun nawa ne, ba na mai fenti ba, kuma gaskiya ya faɗa. Baƙin za su dawo kafin damina ta ƙare. Ya ce a gyara allunan a nan inda suke, kai da hannunka, ni kuma in tsaya a kanka in karanta maka layi-layi.

Direba zai ɗauko ka a zuwansa na gaba. Ka taho da jan fenti, namu ya daskare. Na gyara maka ɗakina, ni zan kwana wajen abokiyar aikina.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da godiya. Zan zo, da jan fenti da bakina a rufe. Ko kin ce kura kifi ce, abin da zan tambaya kawai shi ne launin da za a yi wa ruwan.

Abu ɗaya nake ta juyawa. Da kika ce masa mahaifinki ne, da ƙarfi kika faɗa ko a hankali? A'a, bar shi, kada ki amsa. Kin faɗa.

Sai na iso.

Babanki.